Ranar da Alhaji Sidi Ya Zama Buzu

A Tawa, in ka tambayi gidan Ma'azu za a ce wanne. In ka ce Ma'azu Mun-Yi-Magana, ko makaho zai kama hannunka ya kai ka. Sunan ya samo asali ne daga wata tafiya da ya yi Yamai, inda motar wani babban mutum ta mutu a bakin kasuwa. Ma'azu ya shiga cikin masu turawa, motar ta tashi, babban mutumin ya leƙo ta taga ya ce marsi, wato na gode da Faransanci. Tun daga ranar Ma'azu ya shiga gwamnati, gwamnati ce kawai ba ta sani ba. Ko kuɗin goro ne ya tashi, sai ya gyara hula ya ce ai sun yi magana da manya a kan haka.

Abin kirki guda da yake da shi, gado ne. Ubansa dillalin shanu ne mai masauki, ya mutu ya bar masa zaure da ɗakin baƙi da fatake masu yawa. Fataken suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya saboda surutun Ma'azu, har ya rage saura Alhaji Sidi na Sakkwato, wanda ubansa ma a gidan yake sauka. Duk ƙarshen damina Alhaji zai zo sayen shanu, kuma zuwansa ne ke riƙe da sunan gidan a kasuwar dabbobi. Maƙwabcinsu Talle, shi ma mai masauki, ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan wannan baƙo. Alhaji kuwa mutum ne mai jiki, mai sanyin hali, ya riƙe al'adar fatake da hannu biyu: a baƙuwar kasuwa mai masaukinka shi ne idonka da bakinka, shi ke tsaya maka in magana ta taso, kai kuma ba ka musu da shi.

Shekarar da aka yi zaɓen shugaban ƙasa, 'yanci yana ɗanye, Alhaji ya sauka gab da zaɓen. Ɗan takara ɗaya ne tak, wanda ke kan kujerar, don haka ko akuya ta san wanda zai ci. Amma Ma'azu ya hango abin da duk Nijar ba ta hango ba. Ya ja Alhaji ƙuryar zaure, ya rage murya yadda masu wucewa a waje za su ji da kyau, ya shaida masa cewa da an gama jefa ƙuri'a za a ɓata da Najeriya. Za a rufe iyaka, a kwashe duk wani ɗan Ingilishi, kamar yadda ake kiran mutanen can a lokacin, a zuba a kamyo, wato babbar motar kaya, a ƙwace shanunsu.

Alhaji ya tambaye shi inda ya ji.

"Mun yi magana," in ji Ma'azu.

Da wani lokaci ne da Alhaji ya yi murmushi ya ci goronsa. To amma ba a daɗe ba da aka sami saɓani da Dahome, kuma da idonsa ya ga an ɗora wani akawu ɗan can a mota da matarsa da tukwanensa. Ya ce to bari ya kama hanyar Ƙwanni ta bakin iyaka tun da sauran dama. Ma'azu ya ce ai hanyar Ƙwanni ita ce tarkon, a can ake jiran su. Ya ce shi dai Alhaji ya kwantar da hankalinsa, ya faɗo hannun wanda ya san ciki da wajen siyasa.

Dabarar farko ita ce rumbu. Akwai wani babban rumbun laka a bayan gidan, bakinsa a sama, tsohon hatsi ya ƙare sabo bai iso ba. Uwar Ma'azu, Inna Hajaratu, tana gona wajen Affala ana girbi, saboda haka babu mai hanawa. Aka jingina tsani, Alhaji ya hau yana salati, ya zura ƙafafu, tumbi ya ɗan yi gardama, Ma'azu ya danna kafaɗunsa, sai ji aka yi tim daga ciki. Ma'azu ya mayar da murfin ciyawa, ya sauko yana kaɗe hannu kamar wanda ya gama ginin masallaci.

Ba a jima ba murya ta fito daga cikin rumbun tana tambayar ina ne gabas, don wurin zagaye yake, ba a gane alƙibla. Ma'azu ya ƙwanƙwasa bangon ta wajen da yake zato. Aka zura buta da igiya, aka zura tuwo. Ƙaiƙayi kuwa bai jira an zura shi ba, ya riga ya shiga rigar Alhaji.

Daga nan Ma'azu ya tafi kasuwa don ya tsare sirrin. Ya gaya wa mai nama cewa akwai abin da ba zai iya gaya masa ba. Ya gaya wa mai shayi cewa in an tambaye shi ina Alhaji, kada ya kuskura ya dubi wajen rumbu. Kafin la'asar, duk mai wucewa ta bayan gidan sai ya tsaya ya yi wa rumbu sallama, ya tambaye shi gajiya da mutanen Sakkwato. Mata masu zuwa rijiya har durƙusawa suke yi. Alhaji na ciki yana ji, an hana shi amsawa, abin da ya fi ƙaiƙayin ci masa rai, don shi mutum ne da bai taɓa barin gaisuwa ta faɗi ƙasa ba. Da ya yi ƙorafi, Ma'azu ya ce 'yan leƙen asiri ne ke gwada shi, ya daure.

Talle ma ya zo da safe, ya tsaya ya harɗe hannu a baya.

"Alhaji, ina kwana? Gidana akwai ɗaki mai ƙohwa ta ƙasa, in ka gaji da mai baki bisa."

Ma'azu ya fito ya ce masa da rumbu yake magana, ko ya fara taɓuwa ne? Talle ya ce ai ya ga rumbun yana tari, shi ya sa ya zo dubiya.

Ana cikin haka Inna ta dawo da jakuna ɗauke da sabon gero, daidai lokacin da Ma'azu ke kasuwa yana tsaron sirri. 'Yan aiki suka hau tsani, suka ɗaga murfi, suka fara jefa dammuna ba tare da sun leƙa ba, don ba a saba samun alhazai a rumbu ba. Dami na farko Alhaji ya daure. Na biyu ya sauka a wuyansa, ya yi kalmar shahada da ƙarfi, wanda ke kan tsani ya saki komai ya diro.

Fitowa ta fi shiga wuya. Da ya kai rabi sai tumbi ya cije a bakin rumbu, ba sama ba ƙasa, unguwa ta taru tana ba da shawara. Sai da Inna ta kawo man shanunta na miya aka shafe bakin rumbun da cikin Alhaji, ƙarti suka ja, sannan ya fito. Inna ta jira har mutane suka watse. Da yake Ma'azu ɗan farinta ne ba ta kiran sunansa, ta dai dube shi ta ce, kai wanga, baƙon ubanka ka mai da hatsi? Ta ce Alhaji ya koma ɗakinsa ya yi wanka, maganar ta mutu a nan.

Da ta mutu ɗin, ba don mai shela ba. Yana tafe yana kaɗa ganga yana sanarwa cewa gobe zaɓe, ba mota mai shiga ba mai fita, iyaka a rufe take, kowa ya fito lakwal, wato makarantar boko, ya jefa ƙuri'a. Ma'azu ya ji kamar an naɗa shi sarauta. Ya juya ya dubi Alhaji, ya dubi Inna, ya buɗe hannuwa. Alhaji ya sauke kai ya ce a yi yadda mai masauki ya gani. Inna ta shige ɗaki tana tsaki.

Dabara ta biyu ta fi ta farko girma, kamar yadda wautar Ma'azu ta saba. Za a mai da Alhaji Buzu, a ɗora shi a raƙumi, a yi arewa da shi wajen makiyaya har ƙura ta lafa. Ma'azu ya je wurin Almustafa, wani makiyayi da ya sauko da mutanensa daga arewa don zaɓen, suka yada zango a bayan gari. Almustafa ya nuna masa wani tsohon raƙumi mai haƙuri. Ma'azu ya ce wannan bai dace da babban mutum ba, ya nuna wata farar taguwa mai kyan tsayi. Almustafa ya ce su ba sa hawan taguwa, kuma wannan tana shayarwa. Ma'azu ya ce shi ba ɗan ya zo nema ba, kuma ya san raƙuma tun Almustafa na goye. Almustafa ya dube shi ta saman rawani, ya miƙa masa akala, ya ce Allah shi kiyaye hanya.

Da gari ya waye aka shirya Alhaji. Aka naɗa masa sabon turkuɗi mai shuni, aka ja amawali ya rufe baki da hanci, aka rataya masa takobin da tsatsa ta hana fita daga kube. Ma'azu ya ja da baya ya duba aikinsa, ya ce ko uwar da ta haifi Alhaji ba za ta gane shi ba. Ya kafa masa doka biyu: kada ya yi magana, kuma ko sama za ta faɗo kada ya sauke amawali. Hawan taguwar ma sai da aka yi da gaske, don da ta miƙe da ƙafafun baya Alhaji ya rungume sirdi yana kiran sunayen waliyyan Sakkwato.

Suka kama hanyar Affala, Ma'azu na gaba da akala yana taku kamar madugu. Abin da bai lissafa ba shi ne, duk ƙauyukan arewa a ranar garin suke shigowa, don haka hanyar a cike take. Mutane suna kaucewa suna kallo. Wani tsoho ya ce shi dai tun da yake bai taɓa ganin Buzu mai tumbi haka ba. Ma'azu ya ce sarkinsu ne, madara ta karɓe shi. Wata mata ta ce sarkin nasu yana warin man shanu. Rana ta ɗaga, gumi ya fara tsiyaya a cikin rawani.

Gonakin bakin gari ba su ƙare ba taguwar ta tsaya. Nononta ya cika, ta tuna abin da ta baro. Ta ɗaga kai ta yi wani kuka mai tsawo, ta juya. Ma'azu ya ja akala, ya yi mata tsawa da Hausa, ya gwada ɗan Faransancin da ya tsinta a Yamai, wai ko za ta ji tsoron hukuma. Taguwa ta sa gudu. Ya ƙi sakin akala don kada a ce ya saki, ta ja shi ta cikin gonar wake, ta bi da shi ta cikin ƙarangiya, mai gonar na bin su da hauya yana zagi. Alhaji na sama ya manta da dokar farko, yana ta neman gafarar duk wanda ya taɓa cuta a ciniki.

Almustafa kuwa ya riga ya taho lakwal da mutanensa, kuma da yake ya san abin da zai faru, ya ɗaure ɗan taguwar a gindin bishiyar da ke filin, don ya rage wa uwar wahalar nema. Nan ta nufa kai tsaye, ta ratsa tsakiyar taron masu zaɓe, ta durƙusa gaban ɗanta ba tare da ta yi shawara da kowa ba. Alhaji ya wuntsulo ta kan wuyanta ya zube a yashi. Ma'azu ya iso a kwance, wando ya rabu biyu, ƙarangiya har gira. Buzayen da ke layi ba wanda ya yi dariya, kallo kawai suke yi cikin natsuwa, abin da ya fi dariya ciwo.

Gardin da ke tsaron layi, wato ɗan sandan hukuma, baƙo ne, kwanan nan aka kawo shi daga yamma, bai san kowa ba, kuma an ce masa duk wanda ya shigo fili ya shiga layi. Ya tasa su da kulki. Wani dattijon Buzu da ke gabansu ya juyo ya yi wa Alhaji doguwar gaisuwa da harshensu, Alhaji ya ce amin. Ma'azu ya yi maza ya ce kurma ne. Gardi ya daka tsawa a matsa gaba, kurma ya riga kowa matsawa.

A cikin ajin, mushen lakwal, wato malamin makarantar, na zaune gaban akwatin zaɓe, gefensa kuma wakilin sarki, wani tsoho mai furfura, a kan darduma. Nan ne abin ya watse. Su Buzaye in sun zo gaban babba, sai su ja amawali sama har ya kusa rufe ido, girmamawarsu ke nan, kuma haka waɗanda ke gaba suka yi ɗaya bayan ɗaya. A Sakkwato kuwa talaka ba ya tsayawa gaban sarauta da baki a rufe, wannan rashin kunya ce da ba a yafewa. Alhaji ya ga rawanin sarauta, jikinsa ya riga kansa tunani. Ya tuɓe takalma, ya durƙusa, ya fizge amawali ƙasa, ya ɗaga hannu ya ce, "Ranka shi daɗe."

Gumi da shuni sun gama aikinsu. Fuskar ta yi shuɗi tun daga goshi har gemu, idanu kawai ke fari. Wakili ya sunkuyo ya ƙura masa ido.

"Sidi? Sidi na Sakkwato? Marina kah hwaɗa?"

Tagogin ajin sun riga sun cika da kawuna. Dariyar ta fara daga nan ta bazu har fili. Ma'azu ya riƙe wandonsa da hannu ɗaya, ya matso ya ce, ranka shi daɗe, ai Alhaji manzo ne, Najeriya ta aiko shi ya ga yadda ake zaɓe, shi kuma aka ɗora wa rakiya. Wakili ya ce to manzon ƙasa guda da shuni a fuska yake zuwa, a kan taguwa mai shayarwa? Alhaji dai ya gaji. Ya buɗe baki ya faɗi komai, tun daga kamyo har rumbu.

Wakili ya girgiza kai. Ya ce iyaka yini guda aka rufe ta, don kada mutane su tsallaka cin kasuwa su bar akwati ba kowa, gobe za a buɗe.

"Mu kori 'yan Sakkwato mu sai da ma wa shanu? Goro hwa, daga gonar ubanwa za mu cire shi? Kai Ma'azu, wane babba na kunka yi magana da shi?"

Ma'azu ya fara kame-kame. Talle ya taimaka masa daga taga, ya ba da labarin motar Yamai da marsi, bai rage komai ba. Ma'azu ya ce ai babbar mota ce.

Gardi ne kaɗai abin bai ba dariya ba. Ya ce shi abin da ya gani, ɗan wata ƙasa ya ɓad da kama ya shigo layin zaɓe da takobi. Wannan maganar kumandan mai mulkin gari ce, kuma kafin kumandan ya saurare ta, kaso za a kwana, wato kurkuku. Ya kama hannun Alhaji. Wakili ya ce a dakata, a garin nan baƙon kasuwa ba ya shiga hannun hukuma muddin mai masaukinsa ya tsaya masa, in ya so duk abin da ya biyo baya a kansa yake. Ya ɗaga murya ya tambaya wane ne mai masaukin wannan bawan Allah, alhali ya sani sarai.

Ma'azu ya ji an ambaci kaso. Mutumin da bakinsa bai taɓa hutawa ba sai ga shi ya sunkuya yana cire ƙarangiya daga ƙafar wando, ɗaya bayan ɗaya, da kulawa ƙwarai. Alhaji ya juya shuɗiyar fuskarsa yana kallonsa, yana jira. Wakili ya sake tambaya. Ma'azu ya sami wata ƙarangiyar a bayan gwiwa.

"Ni na, ranka shi daɗe," in ji Talle daga taga.

Wakili ya dubi Alhaji. "Sidi, haka na?"

Alhaji ya sake duban Ma'azu. Wallahi a wannan lokacin har ni da nake cikin masu dariya sai da na ji tausayi, ba na Ma'azu ba, na ubansa da ke kabari.

"Haka na, ranka shi daɗe."

Gardi ya sake shi. Talle ya zagayo ya kama hannunsa, ya kai shi gida ya sa aka ɗora ruwan zafi.

Labari ya riga Ma'azu isa gida. Ya tarar Inna ta naɗe shimfiɗar Alhaji, ta haɗa butarsa da jakarsa da buzun sallarsa a bakin zaure. Ya fara bayanin cewa shirun da ya yi dabara ce, wadda sai wanda ya san hukuma zai gane. Inna ta bar shi ya kai aya. Sannan ta ce zamanin yaƙin Jamus, da Faransi da Ingilishi suka rufe iyaka da gaske, uban Alhaji a gidan nan abin ya rutsa da shi. Ubanka bai sa shi rumbu ba, in ji ta, tabarma ya shimfiɗa masa a ƙofar gida inda kowa zai gani, da gardawan Faransi suka zo ya ce su fara da shi mai gidan.

"Ɗauki kayan ga ka kai mishi. Bisa kai, ba cikin hannu ba."

Ya ɗauka. Tsakanin gidajen biyu ba nisa, amma unguwa duk tana waje. Ya tarar da Alhaji zaune a zauren Talle, an wanke shi, shunin bai gama fita daga kunnuwa ba. Ma'azu ya sauke kayan, ya tsaya yana jiran faɗa, ko zagi, ko wani abin da zai iya mayar wa amsa. Alhaji ya dube shi kamar yadda ake duban ɗan dako a tasha, ya ce sannu da aiki, ya ce a gai da Inna. Ya juya ya ci gaba da tambayar Talle yadda shanun Tebaram suke bana.

Washegari aka buɗe iyaka, motocin goro suka shigo kamar kullum, wanda kowa ya san zai ci zaɓe ya ci. Ma'azu ya fito ya zauna a ƙofar zaure, ya gyara hula, yana jiran wanda zai gaya wa cewa ba don shi ya sa baki ba da ba a buɗe ta da wuri haka ba. Masu wucewa suka yi ta wucewa. Can Inna ta yi kira daga cikin gida, ta ce ya zo ya fitar da gadon da ke ɗakin baƙi, waken da za a kawo daga gona ba shi da wurin zubawa.